Direba da Jirgin Asibiti

Ruwa ya cinye gada, hanyar babban asibiti ta yanke, ga matar Direba kwance da tsohon ciki, jini ya ƙi tsayawa. Aka turo ƙaramin jirgi ya sauka a filin bayan gari. Wurin mutum uku ne a ciki: matuƙiya, nas da mara lafiya. Babu na miji.

Direba ya ƙare wa jirgin kallo, ya ga ko motarsa ta haya ta fi shi jiki. Ya dafe ƙofa ya kafe.

"Ba za a saka min iyali a wannan gwangwanin ba."

Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari ba ya yarda da abin hawan da bai daki tayarsa ba. Nas ta buɗe baki za ta yi masa tas, matuƙiyar ta ɗaga mata hannu.

"Baba, dama sai na zagaya shi kafin mu tashi. A shigar da ita, kai kuma zo ka taya ni dubawa."

Ta ɗora hannunsa a kan farfela. "Inji ke juya ta, ita ke jan mu gaba." Suka matsa ƙarƙashin fiffike. "Wannan ke ɗaukar nauyinmu a kan iska, tankin mai ma a cikinsa yake." Ta motsa wani falle a gefen fiffiken, ta ce da shi jirgi ke karkata. A jela ta nuna masa fallen da ke ɗaga hancin jirgi da sauke shi, da na tsaye mai juya shi dama ko hagu.

"To in inji ya mutu fa?" in ji Direba. "Ni gefen titi nake gangarawa."

"Ba ya faɗowa kamar dutse, Baba. Fiffike na nan, a hankali zan lallaɓo da shi ƙasa."

Bai san lokacin da ya daki taya ba. Iska ta ji, babu laifi. Ya leƙa ciki, matarsa ta harare shi da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Maigida, ka gama sayen jirgin mu tafi?"

Dariya ta zo masa tare da hawaye. Godiya ta cika masa ciki, don yarinyar nan tana da ikon ture shi gefe, amma ba ta yi ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifa."

"Amin, Baba. Saura abu ɗaya. Jirgi ba ya motsi sai an cire wejin da ya tokare taya. Cire min shi, ka ja baya kafin in tayar da inji."

Direba ya durƙusa ya yi bisimilla, ya zare wejin da hannunsa. Ya koma gefe rungume da shi a ƙirji, yana kallo har jirgin ya ɗaga da matarsa.