Wasiyyar Tehmina

Kaikobad limamin ɗakin wuta ne a Mumbai, wurin ibadar masu tsarkake wuta, mutumin da ko ashana ba a hure ta da baki a gidansa. In zai ɗora wa wutar ibada itacen sandal, sai ya rufe hanci da baki da farin ƙyalle, kada numfashinsa ya ɓata ta. To, irin wannan mutum ne matarsa Tehmina, wadda ciwo ya gama cinyewa, ta duba da hantsi yana miƙa mata shayi, ta ce:

"In na mutu, a ƙone ni."

Kofin ya karkace, shayi ya kwarare masa a riga, bai ma ji zafin ba.

"Ke, Tehmina! Maganin nan ne ya taɓa miki kai?"

"Kaina ƙalau, Dasturji," ta ce, tana kiransa da laƙabinsa na limami. "Kai dai goge rigarka."

"Gawa a kan wuta? Gawa fa! Akwai ƙazantar da ta fi ta? Ga hasumiyar kakanninmu nan ta ajiye gawa, a kai ki kamar kowa, ungulaye su yi aikinsu."

"Waɗanne ungulayen? Yaushe rabonka da ganin ko ɗaya a garin nan? Sun ƙare." Ta dakata ta mai da numfashi. "Wani mai ɗaukar gawa ya faɗa mini, da na matsa masa. Gawar innata tana can kwance har damina ta wuce, ba abin da ya taɓa ta sai rana da ƙudaje."

Bai taɓa jin wannan ba. Ko kuwa ya ji ya kau da kai, don limamai sun iya wannan. Ya zauna a bakin gado. Tsoro ya kama shi ƙwarai, tsoron wutar da yake wa hidima tun yana saurayi.

"Kin san babu limamin unguwar nan da zai yi miki addu'ar mamaci? Ko ni ba zan iya ba. Haka ranki zai isa gadar hisabi ba ɗan rakiya."

"Na sani. Ai ba limami nake roƙo ba. Mijina nake roƙo."

Ya daɗe yana kallon hannunta, wanda ya koma kamar tsinken tsintsiya. Lokacin ibadar tsakar rana ya yi, ana can ana jiransa, bai motsa ba. Da ya buɗe baki, shi kansa bai gane muryarsa ba.

"A ina... a ina ake ƙonawar?"