Ranar da Majigi Ya Zo Kurfi

Shekara uku Saudatu tana haɗiye abu guda: ita ce ta yi makarantar 'yan mata, ita ce malama a Dutsin-Ma mai jin Turanci, amma da matar Baturen gona za ta koma Ingila, yayarta Rekiya ta ɗauka reno. Rekiya da ko sunanta ba ta iya rubutawa!

Ga Rekiya ta dawo Kurfi da akwatin ƙarfe da takalmi mai tsini, mata sai tururuwa suke yi gidan Inno, mahaifiyarsu, suna shafa mayafinta. Ba wanda ya ƙara tambayar Saudatu komai.

Ranar kasuwa motar majigi ta iso, aka yi shela za a nuna birnin Landan bayan magariba. Saudatu ta lura yayarta ba ta taɓa ba da labarin gari ba, sai na yara da wanki. Ta ja ta har tsakiyar mata.

Hoto ya fito a jikin farin ƙyalle, ga wata doguwar hasumiya mai agogo.

"Yaya, ke da kika je, mene ne wannan?" in ji Saudatu da ƙarfi.

"Ban sani ba."

"Wannan gadar fa?"

Saudatu ta jero sunayen kamar yadda take yi wa 'yan aji. Wata tsohuwa, Kyauta, ta kece da dariya. "Rekiya, anya ba Kaduna aka ajiye ki ba?"

Sai aka nuno ƙofar wani gida da kwalaben madara a dokinta. Rekiya ta miƙe zumbur.

"Wannan na sani! Kullum da asuba ni ke ɗauko su. Lokacin kaɗai nake buɗe ƙofar gaba, don maƙwabta sun ce kada su riƙa ganina. Kofina daban, cokalina daban. 'Ya'yan baƙi kan murza hannuna su ga ko baƙin fatata zai fita. Da tukwane nake Hausa, Kyauta, don kada bakina ya manta."

Dariya ta ɗauke. Mata suka juya wa majigi baya, suka kewaye ta. Saudatu ta tsaya a gefe, kunya na cin ta, kuma wani abu na ƙara soya mata rai: har wahalar ma ta fi iliminta jan mutane.

A hanyar gida ta kasa daurewa.

"Yaya, don Allah, me ya sa ke aka zaɓa ba ni ba?"

Rekiya ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ke mijin ya so a ɗauka, Malama. Matar ce ta ƙi. Ta ce ba ta son mai jin abin da ake faɗa a kanta."