Cokali Biyu a Kan Murfi

Tun daga matakalar bene na biyu na jiyo ƙaurin masara. Na tsaya cak, rungume da ledar kayan makarantar da na ɗinka wa Kurciya, 'yar ƙanwata Auta. Shekara ashirin da biyu rabona da sa gugguru a baki, amma hancina bai manta ba.

Ƙofar falo a buɗe take. Takalman mijin Auta suna kan tabarmar shiga, ɗaya a kife. Injiniya ake ce masa, ko da yake gyaran famfo yake yi, kuma ba ya dawowa gida da rana tsaka. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Ba ma yadda za a ji ni, don ƙarar da ke fitowa daga kicin ta cika gidan kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano.

Kurciya na samu, 'yar shekara takwas, tsaye a kan kujerar roba gaban risho. Ta naɗe hannuwanta da tsumma tana girgiza tukunya. Ƙaninta na goye yana zaune a ƙasa cikin kwando, ya cika kumatu. Sai idona ya kai kan tukunyar. Ta alminiyam ce marar nauyi, an rufe ta da farantin ƙarfe maimakon murfinta, a kan farantin kuma cokali biyu suna rawa.



Kowa ya san yadda ake gugguru: mai kaɗan, masara kofi guda, murfi mai nauyi, wuta daidai. A gidanmu ba haka ake yi ba. Innarmu ta koya mini ina da shekara tara. Tukunyar da ta fi kowacce sirara, wuta har ƙarshe, faranti a sama, cokali biyu a kai don su yi ta ƙara. Ba daɗi muke nema ba, hayaniya muke nema. Ta ce duk ranar da na ji Baba ya sa sakatar ɗaki, in ja ƙanwata kicin in ɗora, kada in sauke sai an buɗe. Tukunya ɗaya minti huɗu take ɗauka. Wata rana biyu ta isa, wata rana uku. Auta kan zauna a kan buhun gawayi tana tafi, tana cewa masara na yin faɗa. Har ta girma, idan ana hirar yarinta, cewa take ba wanda ya kai mu jin daɗi, gugguru har sau uku a mako.

Ranar ƙarshe tukunya shida na yi. Masarar ta ƙare, na ci gaba da girgiza tukunya ba komai a ciki. Da aka fito da Inna zuwa asibiti, ba ta dawo ba. An ce santsi ya kwashe ta a banɗaki. Maƙwabta suka rantse ba su ji komai ba, sai yaran nan da gugguru. Gaskiya suka faɗa. Ni na toshe musu kunne.

Ban taɓa gaya wa Auta ba. Na ɗauka na tsare ta.

Na tambayi Kurciya wa ya koya mata sa cokali. Ba ta juyo ba, hannunta bai daina girgiza tukunyar ba.

"Mama ce. Ta ce in Baba ya sa sakata in ɗora, kada in sauke sai an buɗe."

"Ta nawa ce wannan?"

"Ta huɗu ce."

A gefe ga roba cike, ga tire cike, rabinsu a ƙone. Ƙarar ta fara raguwa, ɗaya-ɗaya, kuma a cikin wannan ɗan shirun na ji abin da ke bayan bango: wani abu mai nauyi ya bugi ƙofar kabad, sai numfashin mace da ta toshe bakinta da kanta. Kurciya ma ta ji. Ta yi wuf ta miƙa hannu ga kofin masara.

Na riƙe hannun. Na kashe rishon.

Yarinyar ta dube ni kamar na zare wuƙa. Ta ce Mama za ta yi fushi, ta ce mutane za su ji. Na ce abin da nake so ke nan. Na sauko da ita daga kujerar, na ɗora mata ƙaninta a kafaɗa, na ce ta sauka wurin wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke hawan ƙasa, kada ta waiwayo.

Na buɗe tagar kicin. Na buɗe ta falo, na yaye labule, na tokare ƙofar waje da takalmin Injiniya. Sai na fita na tsaya a baranda. Gidan ya yi tsit, kuma wannan karon da abin ya bugi kabad, har mai wankin mota da ke tsakar gida sai da ya ɗago kai. Ƙarar Auta ta biyo baya, gajeriya, irin wadda ta kuɓuce wa mutum.

Na kira mai wankin motar da ido. Ya tsaya da soso a hannu yana nazarin ko a shiga tsakanin miji da mata. Wata malamar makaranta da ƙofarta ke kallon tasu ba ta yi nazari ba. Ta fito da ludayi a hannu tana cewa wata shida tana mamakin wane irin gida ne ke cin gugguru haka, ba a sayarwa, ba a ba maƙwabta. Ta tambayi mai wankin ko sai an ara masa zane. Ya ajiye soso. Wani kafinta da ke bene na uku ya sauko da guduma.

Bugu uku sakatar ta fita.

Injiniya yana tsaye da bel a hannu, yana cewa 'yar magana ce ta cikin gida. Ba wanda ya kalle shi. Auta tana tsakanin gado da kabad, hannunta na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ta ga mutane cike da ɗakinta, ta jawo zani ta rufe fuska.

A cikin tasi, kan hanyar asibiti, ba ta kalle ni ba. Yaran suna tsakaninmu. Na ce mata ta yafe mini, akwai abin da ban taɓa gaya mata ba game da Inna, da tukunyar nan.

"Na sani, Yaya," ta ce, leɓenta a fashe. "Tun ina shekara biyar nake ji. Ci nake yi ina tafi don ki ɗauka kin iya."

Ta ƙara da cewa na tona mata asiri a gaban duniya, kuma ba ta san ranar da za ta yafe ba. Na ce ta ɗauki lokacinta, tunda tana da shi.

Da muka tsaya a ƙofar asibiti, Kurciya ta buɗe tafin hannunta. Cokulan nan biyu ne, ta fito da su ban sani ba. Ta tambaye ni ko a gidana akwai sakata.