Sukarin Dubiya

A ƙauyen su Indo, can bayan Wad Haddad, ba a kashe rigima sai da mijinta, Malam Muntari. Wani ya toshe ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ya karkata shi gonarsa, a kira Malam Muntari. Awakin wani sun faɗa audugar wani, a kira Malam Muntari. Shi kuwa bawan Allah bai iya cewa a'a ba. Ya naɗa rawani, ya shiga gidan wannan, ya fito ya shiga na wancan, duk inda ya zauna kuma sai an dire masa shayi mai kauri, wanda sukari ya kwanta a gindin kofin kamar laka.

Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, yana shan ƙwaya in ya tuna. Sai lokacin tumɓuke karan auduga wani kututture ya soke shi a tafin ƙafar hagu. Ɗan miki ne, amma ya ƙi rufewa, har ya fara wari. Indo ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Madani. Likita ya wanke ciwon, ya ɓata fuska, ya tura su wurin wata budurwa mai suna Muhsina, wadda aikinta shi ne tsara wa marasa lafiya abinci.

"Inna, ban ce ki sa shi yunwa ba," in ji Muhsina. "Ki rage masa kisra, wainar dawar nan, ki yawaita miya. Lalo, kuɓewa, wake, kifi in an samu, tumatir da ƙullin gyaɗa. Ya ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ya sha maganinsa. Amma shayi da sukari, halas, an gama. Muddin sukari na hawa a jininsa, mikin nan ba zai haɗe ba. Abinci ne zai riƙe masa ƙafar nan, ko ya sa a yanke ta."

Kalmar yankewar nan ta tsaya wa Indo a rai. Ta dawo gida ta juya madafa kaf. Ta kai gwangwanin sukari ɗakin 'yarta Ma'u. Ta koyi dafa wake ba mai da yawa, ta shiga bin masu kifi, ita da kanta ta koma shan shayi mai ɗaci don kada ya ga tana jin daɗi shi yana kallo. Malam ya ci abin da aka ba shi, ba gardama. A cikin gida kam, wallahi babu majinyacin da ya kai shi biyayya.

To amma mutumin da gari ke kira, yaushe ya zauna a gida?

Ranar da ya dawo daga sasanta Sa'id da Hashim kan ruwa, ta ji ƙamshin kirfa a bakinsa tun daga ƙofa.

"Abu Ma'u, ka sha."

"Na sha. Mi kike so in yi? Sa'id ya kawo da hannunsa. In na ture, ya ce na zo da fushi. In na sha nasa na ƙi na Hashim, Hashim ya ce na ɗauki ɓangare."

"Ka ƙi duka biyun mana!"

"Sai su ce na raina su duka. Wa zai saurari wanda ya ƙi shayinsa, Indo?"

"To, sulhun nasu zai ba ka ƙafa?"

Ya ja ƙafar ya shige.

Da ta ga ba ta iya da shi, sai ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Ita da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba, ta tsaya a madafar mata tana roƙo: don Allah in Malam ya zo, a ba shi shayi ba sukari. Ai kuwa ta sha kallo! Sara, matar Sa'id, har da dafa ƙirji.

"Haba Yaya Indo! Malam guda, in miƙa masa ruwan ɗaci? A ce gidanmu an yi masa rowa? Zan dai rage masa cokali ɗaya, saboda ke."

Wata ta ce ai sukari ne ƙarfin mai aikin rana. Wata ta ce ciwo da lafiya na Allah ne, kamar Indo ta ce na wani ne. Kafin sati ya zagayo labari ya bazu cewa tana horon mijinta da miyar ganye, har ta rame shi. Ƙaunarsa ta sa suka ƙara ƙaimi. Duk inda ya shiga a tura masa dabino da zalabiya, ana cewa ci, Malam, ba ta nan.

Abin da ya fi ci mata rai ke nan: babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Da maƙiyi ne da ta san yadda za ta yi da shi. Waɗannan kuwa suna son sa, son da bai kai su jure a ce shayinsu ba daɗi ba.

Yatsun suka yi baƙi kafin damina ta faɗi. Da suka koma Madani likita bai yi dogon bayani ba, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Muhsina ta zo bakin gadon, ta riƙe hannun Indo. Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Cewa ta yi, "Inna, saura ɗaya. Ita ma abin da ya ci waccan yana iya cin ta."

Ranar da aka dawo da shi, gari ya fashe a gidan. Al'adar wurin ita ce, in gida zai yi baƙi da yawa, kowa ya zo da gudunmawar abin shayi. Sai ga mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙullinta, ana sannu, ana kuka, ana direwa a gaban Indo. Sukari. Sa'id da Hashim, da yake yanzu sun shirya, buhu guda suka haɗa suka sa aka shigo da shi a kafaɗa.

Indo ta zauna tana kallon tarin.

"Tashi mana, Yaya," in ji Sara. "Maza sun cika zaure, ba a kai musu komai ba."

Ta tashi ta hura wuta. Ta dafa na baƙi, ta ware na Malam a wani ƙaramin kofi ba sukari, ta ba Ma'u ta kai. Sannan ta laɓe jikin katangar zauren tana saurare.

"Subhanallahi, mi ne wanga?" Muryar Sa'id ce. "Yau ma ɗaci? Mutum ya sha wuƙa, ya dawo gidansa, a tarbe shi da wanga? Miƙo gwangwanin nan, Hashim. Sha, Malam. Kofi guda ba ya kashe mutum."

Indo ta dafa katanga, tana jiran mijinta ya buɗe baki ya ce a'a, ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Ta ji cokali yana kaɗawa a cikin kofi. Can sai Malam ya ce, "Bismillah."