Ranar da Auta Ta Ɗaga Kai

Ni direbar bas ce, kuma ba a san ni da haƙuri ba. Ranar Asabar idan na ajiye mota, nakan hau bene zuwa wani ɗaki a saman shagon wanki, inda muke zama da matasan da yaƙi ya koro ƙasar nan, muna nuna musu hanyar neman aiki. Kujerun roba ne, da butar shayi, da teburi mai gajeriyar ƙafa da muka tokare da kwali. Dukansu Gwaggo suke ce mini.

A nan aka haɗa ni da Auta. Ba ta cika ashirin ba, amma hannunta ya san ƙarfe. Tun suna sansanin gudun hijira take bin wani tsoho mai gyaran firji tana riƙe masa sifana, har ta iya. Fankar ɗakinmu da ta daɗe da mutuwa, ita ta tashe ta ranar da ta fara zuwa.

Akwai wani kamfanin gyaran firji da injin wanki da ke ɗaukar masu koyon aiki. Na kai ta. Ta ci gwajin hannu, aka zo ganawa da manaja, aka ce ta je gida. Raina ya ɓaci, na buga masa waya na ce ya gaya mini laifinta.

"Aikinta ba shi da makusa," in ji shi. "Amma tun da ta shigo take kallon takalmina. Mu gidajen mutane muke tura ma'aikata. Wa zai buɗe wa wadda ba ta iya kallonsa ƙofa? Sai ya zaci wani abu take ɓoyewa."

Na roƙe shi, har da ɗan faɗa. Ya ce gurbi ɗaya ya rage, ta dawo ƙarshen wata, kuma daga wannan babu wata dama.

Na san ciwon, domin ni ma haka aka rene ni. A wurinmu yarinyar da ta kalli babba ido cikin ido, fitsararriya ce. A nan kuma wadda ta sunkuyar da kai ita ake zargi. Na zaunar da Auta na bayyana mata, muka fara gwaji, ni ce manaja.

"Me kika iya?"

"Ɗan taɓawa nake yi, Gwaggo."

"Ɗan taɓawa? To je ki taɓa a gidanku. Ɗago ki dube ni."

Sai ta ɗago kamar an ɗora mata dutse a wuya, idonta ya kai haɓata ya koma. Na ce ta kalli tsakanin girata. Na sa ta kalli mai shagon wanki, ta tambaye shi ƙarfe nawa. Sannu a hankali abin ya fara zama, har na ce mata ta riƙa gwadawa ko'ina ta samu kanta.

Asabar ta zagayo, babu Auta. Yayarta ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa. Wai Auta ta kai wa babansu shayi, ya tambaye ta wani abu, ta amsa tana kallon cikin idonsa. Tsohon ya ajiye kofin, ya ce daga yau ta bar zuwa wurin matar da ke koya mata rashin kunya.

Matar nan ni ce. Ko rigar aiki ban cire ba na nufi gidan.

Ɗaki biyu ne a hawa na sama, takalma jere a bakin ƙofa. Baban Auta na zaune kan darduma kusa da taga, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, sandarsa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, kaina a ƙasa. Ya amsa a daƙile.

"Malama, ke ma kin san daidai ke nan," ya ce. "Ga shi kin gaishe ni kamar 'yar mutunci. Me ya sa kike lalata mini yarinya?"

"Baba, ba lalata ta nake yi ba. Aiki nake nema mata."

"Gida ya tafi, gona ta tafi. Abin da na tsallako da shi ke nan, tarbiyyar 'ya'yana. Shi ma sai na miƙa?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Amma ban zo don in koma hannu rabbana ba.

"Baba, kullum mutane suna shiga motata, kuma kowa sai na kalli fuskarsa, in ba haka ba a ce direba ba ta da gaskiya. Ga ni gabanka, me ya ragu a tarbiyyata? Yarinyar nan Allah ya ba ta hannu. In ta rasa wannan, sharar ofis za ta yi ta yi tana kallon ƙasa, kuma babu wanda zai ce mata sannu da ladabi. Ganawar ranar Alhamis ce, da hantsi. Zan tsaya a ƙofar kamfanin, ko ta zo ko ba ta zo ba."

Ya juya kansa wajen taga. Na yi sallama na sauko.

Ranar Alhamis na nemi wani ya riƙe mini mota, na je na tsaya. Lokaci na tafiya, ina ta leƙen titi ina tsaki. Can sai ga su sun sauko daga bas, Auta a gaba da mayafinta a goge, tsohon a baya yana dogara sanda. Ya sa babbar rigarsa. Ko kallona bai yi ba. Muka shiga ɗakin jira, aka ba shi kujera kusa da wani tsohon injin wanki da aka kwance.

"Auta," ya ce, "zo nan."

Ta zo ta durƙusa.

"Tashi tsaye. Ni ne manajan. Me kika iya?"

"Ina ɗan..."

"Ɗago kanki."

Ta kasa. Ta damƙe bakin mayafi.

"Ni na haife ki, ni na hana ki, ni kuma na ce ki dube ni. Me kika iya?"

Ta ɗago. Ban san abin da ta gani a fuskar nan ba, wataƙila furfurar da ba ta san ta yi yawa haka ba. Idonta ya ciko, amma ba ta sauke shi ba.

"Na iya gyaran firji, Baba. Na iya injin wanki. In na ji ƙararsa ma na san abin da ke damunsa."

"To shiga ki gaya masa haka."

Aka kira ta. Ƙofar gilashi ce, ina hango ta zaune, wuyanta a miƙe, tana nuna wani abu da hannu, manaja na gyaɗa kai. Tsohon kuwa bai kalli wajen ba. Ya zuba wa kan sandarsa ido, leɓensa na motsi. Tausayinsa ya kama ni.

Da ta fito, ta wuce ni kai tsaye ta zube gabansa, kanta a sunkuye yadda ta saba.

"Baba, sun ce in fara ranar Litinin."

Ya ɗauke ido daga kan sandarsa. Ya dube ta.

"Ƙasa kike gaya wa? Ni na biyo ki da ƙafa ɗaya. Ɗago ki gaya mini."