'Yar Mawaƙi da Baƙon Bakin Gada

Ina miƙa wa Wanetta kwalin abinci, ita kuma tana miƙa wa na kan layi, sai na ji hannunta ya tsaya. Na ɗauka ƙirjin ne ya sake motsa mata, don tun shigowar sanyi take dafe shi a ɓoye. Da na ɗago sai na ga wani mutum a gabanta, dogo, ya ba hamsin baya, sanye da jaket ɗin farauta. Bai miƙo hannu ya karɓi kwalin ba.

"Ke ce 'yar Arlis Gabbard?"

"Ni ce. Karɓi mana, bawan Allah, akwai mutane a bayanka."

"Ba yunwa ce ta kawo ni ba."

Ya bi hotunan da ke jikin bango da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ya fita. Wanetta ta laluba kujera ta zauna. Na ce mata ko in kawo ruwa, ta ce a'a, in dai ci gaba da rabon. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Opal, kin ga haɓarsa?" Na gani. Duk wanda ya girma a kwarin nan namu na gabashin Kentucky ya san wannan haɓar, don ya sha ganinta a bangon faifan waƙoƙin Arlis.

Gidana yana kallon nata, titi ne kawai tsakaninmu, kuma tun muna 'yan mata muke tare. Babanta mawaƙin ƙauye ne, shi da jitarsa da kwat mai ado da azurfa. Bai kai manyan mawaƙan birnin Nashville ba, amma a zamaninsa ba gidan mai haƙar kwal da ba a kunna muryarsa. Waƙoƙinsa duk na gida ne, na uwa da 'ya'ya da fitilar da aka bari a taga. Shi kuwa a shekara da wuya ya kwana wata biyu a nasa gidan. Wanetta tana ƙarama ya kan ɗauke ta yawon wasa, a sa mata riga mai tattara, a ɗora ta kan akwati ta yi masa amshi, jama'a su yi ta tafi. Da ta yi tsawo ta daina ba mutane sha'awa, sai ya maido ta wurin uwarta.

Bayan rasuwarsa ita ta gaji gidan da tsohon sito na bayansa inda yake gwajin waƙa. Mijinta ƙurar kwal ta cinye masa huhu, ba su samu haihuwa ba. Da aka rufe ramukan kwal, yunwa ta shigo gidajen da ba su taɓa saninta ba, sai ta share siton ta fara rabon abinci duk Asabar: wake, garin masara, dankali, gwangwanaye, abin da coci-coci da masu shaguna suka tara mata. Ba ta tambayar kowa dalili. Likita ya ce zuciyarta na bukatar aiki da gaggawa, ta ce masa sai bayan Idin Godiya na ƙarshen kaka, don akwai talo-talon bikin da za ta raba.

Washegari na leƙa ta taga na ga wata tsohuwar a-kori-kura a bakin gada, inda ake hango gidan Wanetta sosai. Mutumin jiya na ciki. Bai fito ba, bai kunna mota ba. Bindigar farauta na rataye a gilashin baya. Wannan ba abin magana ba ne a lokacin farautar barewa, kowa na da tasa, kuma duk safiya muna jin harbi daga kan tuddai. Amma mafarauci daji yake shiga, ba ya zama ya zuba wa ƙofar mutane ido. Da na je zubar da shara na wuce ta kusa da motar, na ga jarkar fetur ja a bayanta, a cike, an ɗaure ta da igiya. Karnukan layin suka kwana biyu ba su huta ba. Da yamma ya tafi, da safe ya dawo.

Ana cikin haka Coy ya iso, ƙanen Wanetta. Shi ya ɗauki sana'ar uban, sai dai bai ɗauki muryar ba. Yana yawo bukukuwan ƙauyuka cikin kwat ɗin marigayin yana rera tsoffin waƙoƙinsa, kuma duk shekara yakan zo ya yi wasa a coci a tara wa siton gudummawa. Ba mugu ba ne, mutum ne mai saurin hawa. Yana ganin motar fuskarsa ta canza. A kicin ya faɗa mana cewa ya san mutumin. Ranar jana'izar babansu ya zo ya tsaya a bayan jama'a yana cewa shi ma ɗa ne, Coy da abokansa suka raka shi har bakin titi, ba da lallami ba. Wanetta ta ajiye cokalin da ke hannunta. Ta ce me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mata.

"Yaya, in kowane mai dogon haɓa za mu kira ɗan'uwa, sai mun yi hayar filin ƙwallo."

"To sai mu yi hayar. Kai ma haɓar ce kaɗai shaidarka, muryar ai ba ta biyo ka ba."

Ni na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce zai kira 'yan sanda, ta hana. Sai ya ɗauko tsohuwar bindigar uban daga bayan kabad ya jingine ta a baranda, ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Daga ranar layin namu ya zama mutum biyu suna kallon juna daga nesa, kowa da bindiga a gefensa. Uwaye suka hana yara hawa keke.

Ranar Talata da safe hazo ya rufe kwarin. Coy ya tafi coci gwajin lasifika. Na hango Wanetta ta fito da faranti a rufe, ta nufi gada, tana tafiya tana tsayawa. Na zura takalmi na bi ta. Ta ƙwanƙwasa gilashin, ya sauke. Ta ce wake ne da burodin masara, ya ci tun da zafi, kuma ba ta saba ciyar da mutum ba ta san sunansa ba.

Ya ce sunansa Dorsey Boggs. Daga hayin West Virginia yake. Bai karɓi farantin ba, sai ta ɗora masa a kan bonet. Ya yi magana yana kallon sitiyari. Uwarsa sharar ɗakunan otal ta yi har ƙarfinta ya ƙare, kuma a bazarar nan ta rasu. Tun yana yaro in aka sa waƙar Arlis a rediyo sai ta ce masa ya yi shiru, babansa na magana. Ya girma yana jin mutumin na rera yadda yake kewar 'ya'yansa, alhali ko takalmi bai taɓa aiko masa ba. Ya ce bayan ya binne ta ya kasa barci, ya kasa aiki, sai ya ga gara ya zo ya ga abin da aka tara wa 'ya'yan so.

Wanetta ta ce, "Da jarkar can ka zo ganin?"

"Da ita na zo."

Na kama hannun rigarta, ta fizge. Ta jingina da ƙofar motar tana maida numfashi. Ta ba shi labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Tana 'yar shekara tara suka tsaya shan mai a wani gari a Tennessee, ta shiga banɗaki, ta fito ba mota. Matar mai gidan man ce ta zaunar da ita ta ba ta biskit. Sai da uban ya hau dandamali a gari na gaba, ya juya zai ɗaga ta kan akwati, sannan ya tuna yana da 'ya.

"Kana tsammanin mu mun samu uba ne, Dorsey? Rediyo ce ta same shi. In siton kake so ka ƙona, jira a gama rabon talo-talon gobe. Akwai tsofaffi a can saman kwari da ba sa iya saukowa, ni kuma yanzu ko buhun dankali ba na iya ɗagawa."

Ya tada mota ya yi baya, farantin ya zame ya fashe a kan kwalta. Ta tsaya tana kallon waken a ƙasa, leɓunanta sun yi duhu. Da ƙyar na kai ta gida.

Ruwan sama ya sauko da yammacin nan bai ɗauke ba. Zuwa safiyar Laraba rafin ya yi ja, yana tafe da rassan itatuwa, yana lasar ƙasan gada. An yi rabon talo-talo a gurguje. Saura kwalayen mutanen saman kwari, kuma mai motar da ya saba kai su ya ce ba zai jefa motarsa cikin wannan laka ba. Motar Coy ƙarama ce. Wanetta na zaune kan kwali da kwat ɗinta a jiki, ta ƙi cirewa. Sai muka ji ƙarar inji.

A-kori-kurar ce, ta shigo har ƙofar sito. Coy ya miƙe ya ɗauki bindiga. Dorsey ya fito cikin ruwa, ya zagaya baya, ya kwance jarkar. Ba wanda ya motsa. Ya buɗe murfinta, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya buɗe tankin motarsa ya juye fetur ɗin duka a ciki. Ya jefa jarkar baya, ya shigo ya fara ɗaukar kwalaye bibbiyu.

Wanetta ta miƙe za ta bi shi, na roƙe ta ta bari in je a madadinta. Ta ce ban san gidajen ba, kuma tsohuwa Zelphia ba ta buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa. Coy ya tare hanya, ya ce ba inda za ta da mutumin da ba su san cikinsa ba.

"Matsa, ƙanena. Na shiga motar babanmu ma na dawo da rai."

Suka tafi. Ni da Coy muka zauna a baranda. Can sama ba layin waya, mun kira har mun gaji. Ruwa na zuba, jefi-jefi a ji harbi daga kan tudu, duk harbi sai Coy ya miƙe tsaye. Azahar ta wuce. Wani maƙwabci ya zo ya ce ruwa ya shanye hanyar gari, ba shiga ba fita. Na dafa kofi ya huce ba wanda ya taɓa.

Rana ta yi sanyi muka hango motar tana gangarowa a hankali, fitilunta a kunne. Ta gilashi na ga Wanetta ta jingina kai da taga, an lulluɓe ta da jaket ɗin farauta. Tun kafin motar ta tsaya na san rai ya yi halinsa. Dorsey ya zagayo ya ɗauko ta a hannuwansa, shi daga shi sai shat, ruwa na dukansa. Coy ya ɗaga bindigar.

"Me ka yi mata?"

"Mun kai wa kowa. A hanyar dawowa ta ce in gaya mata sunan mahaifiyata, da yadda take. Ina ba ta labari ne. Na yi nisa ina magana, na juyo..."

Ya ce ya danna mata ƙirji a gefen hanya har hannuwansa suka mutu. Ya nufi asibiti, ya tarar da ruwa ya rufe titi. Yana faɗa yana tsaye da ita, bai ko kalli bakin bindigar ba. Na sauka na shiga tsakaninsu, na ce wa Coy ya buɗe ƙofa, 'yar'uwarsa na jiƙewa. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Daga baya ya jingine bindigar ya buɗe. Muka kwantar da ita a doguwar kujerar falo, na cire mata takalman da suka cika da laka, na share mata fuska. Likitan da ya zo bayan ruwa ya janye ya ce zuciyar ce, kuma ko a gadonta take da hakan za ta faru.

Ba a yi wasan coci ba a shekarar. Makabartar su Gabbard na kan tudun bayan gida, inda injin haƙa ba ya iya hawa, don haka har yau da hannu ake tona kabari. Na ɗauka Dorsey ya koma garinsu. Ranar Asabar da sassafe na cika fulas da kofi na hau tudun don in kai wa Coy, da yake ya ce shi zai tona wa yayarsa da kansa. Tun daga nesa na ji ƙarar shebur biyu.

Coy ne da Dorsey, ramin ya kai musu ƙirji. Sun juya wa juna baya, kowa na watsa jar ƙasa ta nasa ɓangaren. Tafin Coy ya fashe, ya naɗe shi da hankici. Na ajiye fulas ɗin a kan wani dutse, sai a lokacin na tuna kofin sha guda ɗaya tak na ɗauko. Coy ya zuba ya sha rabi, ya ɗora sauran a bakin ramin, ta gefen da Dorsey yake. Na fara gangarowa. Da na waiwaya, tururi na tashi daga kofin, ƙasa na ci gaba da fitowa ta gefe biyu.