Ramin da Ke Bayan Kanta

Sau biyu Injiniya yana zuwa kafa na'urar intanet a ofishin, sau biyu yana komawa da kayansa. Zuwan farko ɗakin da za a kafa ta na yoyo, na biyu ya tarar da kashin ɓera. Manaja ya kira mai kula da sito, Baba Tsaf, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. In ya sake komawa, an ce in karɓi makullai."

Manajan nan kuwa mijin 'yarsa ne. Surukinka ya sallame ka daga aiki, ina za ka kai wannan kunya?

Injiniya ya manna takarda a ɗakin: ban da ruwa, ban da zafi, ban da ƙura, ban da ɓera. Kafin ya tafi ya huda bango ta bayan kanta don shigo da waya, bai ce wa kowa uffan ba.

Baba Tsaf ya zage damtse. Ya gyara rufi, ya goge ƙasa ƙal, ya kunna na'urar sanyi. Da ya ja kanta sai ga rami.

"Kai! Wannan ɓera ya yi makaranta. Dubi huda sumul!"

Ya cusa fasassun kwalabe, ya danna siminti, ya bi da fenti. Ya toshe ƙasan ƙofa, ya garƙame, kwana uku ko shi bai leƙa ba.

Ranar zuwa na uku, Injiniya ya jawo waya ta waje yana laluben bango.

"Baba, ina ramina?"

"Au, naka ne?"

Aka buɗe ɗaki. Ga gogan naka ɓera a kan kanta yana shan sanyi, ya cinye rabin takardar dokoki. Ashe da shi a ciki aka rufe. Baba Tsaf ya fara laluben makullai a aljihu. Manaja ya tsura wa takalminsa ido.

Injiniya ya ɗauko injin huda. Bango na ɓulewa, ɓera ya yi wuf ya bi ramin.

"Ka gani ko?" in ji Baba Tsaf. "Ai ya san hanyarsa."

Injiniya ya yi dariya har da zama a ƙasa. "Baba, ɗakin da ɓera ya kwana uku ya kasa fita, ban taɓa ganin irinsa ba. A shigo da kaya!"

Baba Tsaf ya saki makullan suka koma ƙasan aljihu. Sai a lokacin ya iya ɗaga ido ya dubi surukinsa.